Filin Da Ba Ya Ƙorafi

Ƙarfe bakwai na kowace safiya Rarrabau take sake duba Birnin Gawo daga farkonsa zuwa ƙarshensa. A bene na goma sha biyu na Ofishin Tsara Birni aka girke ta. Wani faffaɗan tebur ne na gilashi, da hoton birnin gaba ɗaya yana shawagi a kansa, kowace unguwa da launinta. Kore wurin zaman mutane ne, shuɗi kasuwa, ja masana'antu, ruwan ƙasa kuwa wurin shara da najasa. Dubban na'urorin shaƙar iska da ke saman fitilun titi suna aiko mata labarin wari da hayaƙi da hayaniya, ita kuma ta auna, ta matsar da wannan launi, ta faɗaɗa wancan. Ba ta cin hanci, ba ta da ɗan'uwa a kowace unguwa. Da wannan kirarin aka sayar wa mutane ita a shekara ta 2088, kuma shekara shida ke nan ana ta maimaita shi.

A safiyar wata Litinin cikin damina, wani ɗan fili a kudancin gari, wanda kullum fari fat yake a kan tebur, ya rikiɗe ya zama ruwan ƙasa. Nan take agogon hannun Namadi ya yi ƙara.

Namadi shi ne mai rakiyar kiyashi. Haka ma'aikata ke kiran ƙananan injinan nan masu ƙafa shida, kowane kamar girman ɗan akuya, waɗanda ke tafiya a layi suna kafa turakun iyaka duk inda Rarrabau ta shata. Shekararsa hamsin da ɗaya, shida daga ciki a wannan aikin ya yi su, kuma bai taɓa tambayar dalilin turke ko ɗaya ba. Ya duba agogon, ya ga an rubuta: Fili mai lamba 614. Kiyashi arba'in. Sabuwar matatar najasa. Ya loda su a mota ya kama hanya.

Maganar sabuwar matata ba baƙuwa ba ce a gari. Tsohuwar ta cika tun bara, kuma hanyarsa ta gefenta ta bi. Ko da ya rufe gilasai, warin sai da ya shigo ya zauna masa a maƙoshi. Baƙin ruwa mai kauri yana tsiyayowa ta tsagar katanga, kumfa tana tashi tana fashewa, ƙudaje sun lulluɓe bakin kwalbati har ba a ganin siminti. Abin da mutum miliyan tara suka ci jiya ne yake neman wurin kwana. Kowa yana so a gina sabuwa, ba kuma wanda yake so ya buɗe taga ya gan ta.

Motar tana tuƙa kanta, don haka Namadi bai lura da inda aka nufa ba sai da ta ratsa Gangare, unguwar da aka haife shi, ta tsallaka titi, ta tsaya gaban wani fili mai ciyawa har gwiwa. Kiyashin suka sauko suka bazu. Shi kuwa ya tsaya yana kallon wata tsohuwar aduwa a tsakiyar filin, nan take ya gane wurin.

Tsohuwar maƙabartar Gangare ce. Shekara ashirin da rufe ta. Taku bakwai gabas da aduwar nan ya sa mahaifiyarsa, Inna Tabawa, da hannunsa.

Wanda bai sani ba ba zai ce akwai kabari ko ɗaya a wurin ba, domin mu ba ma gina kabari. Tudun ƙasa ne, ruwan sama ya zo ya baje shi, in an kafa ɗan allon kwano ma damina biyu ta ishe shi. Mutum ya fito daga ƙasa ya koma ƙasa, shi ke nan. Daga sama kuwa, inda idon Rarrabau yake, ciyawa ce kawai.

Ƙarar ƙwas ta dawo da shi hayyacinsa. Wani kiyashi ya luma turke, ya ji tauri, ya zaro, ya sake lumawa. Guntun tsohuwar tukunya, irin wadda ake rufe kabari da ita, ya fito a bakin ƙarfen. Namadi ya zabura. Ya danna maɓallin tsayarwa da ƙarfin da ya kusa fasa agogon, kiyashi arba'in suka daskare inda suke, ya juya baya ya tofar da yawun da ya cika masa baki.

"Ɗan Tabawa, kai ne da wannan aikin?"

Baba Nomau ne, tsohon mai gadin maƙabartar, ya fito daga rumfarsa yana dogara sanda. Ba wanda ya sallame shi tun da aka rufe wurin, shi kuma bai sallami kansa ba. Namadi ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa abin da aka turo shi yi, yana jin kunyar kowace kalma.

Tsoho ya ce, "Masai. A kan iyayenku."

"Na'ura ce ta zaɓa, Baba. Wai wurin ba shi da takarda."

"Ina zai samu takarda? Mai unguwa ne ya tsaya a nan, a gaban kakana, ya ce daga aduwa zuwa bakin rafi na bayin Allah ne. Aka shafa fatiha. Wa zai ce a rubuta?" Ya zauna a kan wani kututture. "Kai kana ganin rabon ƙasa da na'urarku ya fara? Tun ana zagaye gari da ganuwa ake yi. Majema a kai su ƙarshen gari inda iska ke ficewa, saboda warin fata. Maƙera a nesanta su da jinka, kada tartsatsi ya cinye unguwa. Mahauta can, marina kusa da ruwa. Don kada hayaƙi ya shiga hancin jariri aka yi, ba don wani ya fi wani ba. Majemi da sarkin fawa da liman duk sahu ɗaya suke ranar Juma'a."

Gaskiya tsoho ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Da Turawa suka zo, su ma sun raba ƙasa, amma nasu rabon mutum aka raba da mutum. Suka hau tudu, suka bar fili fetal tsakaninsu da 'yan gari, wai don sauro. Da suka tafi, namu manyan suka gaji tudun, suka gaji filin, suka gaji har da toshe hancin. A Birnin Gawo sunan wurin Tudun Manya, ko da yake a kan teburin Rarrabau Shiyya ta Ɗaya ake rubutawa, don kada a ce an ce.

Namadi ya kwashe kiyashinsa ya koma ofis.

Shugabar sashen, Dakta Kubura, mace ce mai ilimi da sanyin magana, wadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. A ofishinta kuwa wata na'ura ce a bango ke fesa ƙamshin lemo kowane minti biyar. Yau ƙamshin ya fi warin matata damun Namadi.

"Malam Namadi, an ce ka tsayar da aiki."

"Ranki ya daɗe, maƙabarta ce. Mahaifiyata tana ciki."

"Allah ya jiƙanta." Ta faɗa da gaske, ta ɗan sunkuyar da kai. "Amma a wurinmu ba a yi mata rajista ba. Zo ka ji da kunnenka."

Suka tsaya gaban tebur. Ta ce wa Rarrabau ta faɗi dalilin zaɓen fili na 614. Muryar na'urar ta fito a natse, irin ta mai karanta labarai.

"An umarce ni in sa abin da ba a so a inda za a fi samun ƙarancin ƙorafi. Fili na 614 ba shi da takarda, ba shi da gini. Tun da aka fara lissafi ba a samu ƙorafi ko ɗaya daga cikinsa ba. Shi ne wuri mafi natsuwa a birnin."

"To, ai matattu ne!" in ji Namadi.

"Ba ni da wannan bayanin," in ji Rarrabau. "Abin da na sani shi ne ba sa ƙorafi."

Sai a nan Dakta Kubura ta warware masa abin da ba a faɗa a rediyo. Da farko Rarrabau da iska take aiki, kamar mutanen da. Bara, da aka ce ta nemo wurin sabuwar matata, ta auna iskar shekara goma, ta nuna wani kwari a bayan Tudun Manya, inda wari zai fice daga gari bai taɓa kowa ba. Sai dai daga benayen tudun ana hango wurin. Kafin azahar ƙorafi dubu huɗu ya shigo. Doka ta ce kowane babban yatsa ƙorafi ɗaya yake da shi a shekara, amma mutanen tudu suna da direbobi da kuku da masu ban ruwan fulawa, kowa aka kira shi ya dangwala. Majalisar birni ta zauna, ta cire wa na'ura ma'aunin iska, ta sa mata ma'aunin ƙorafi, aka kira abin sauraron jama'a.

Namadi ya dubi kyakkyawan teburin nan mai walƙiya, ya ji kamar ya ɗaga murfin shadda. Ashe na'urar da ba ta cin hanci an daɗe da ci a madadinta.

"Yanzu mene ne abin yi, ranki ya daɗe?"

"Doka ta ba da kwana uku kafin a kafa turke na ƙarshe. In 'yan'uwan waɗanda ke kwance a wurin suka shigar da ƙorafi da sunan filin, ma'auninsa zai canza." Ta miƙa hannu ya ba ta agogonsa. "Sai dai zan cire maka maɓallin tsayarwa. Ba ni na so ba, ƙa'ida ce. Daga yau rakiya kawai za ka yi."

Bai damu da maɓalli ba. Ya karɓi allon da ake dangwala yatsa a shigar da ƙorafi, ya nufi Gangare.

A hanya ne ya tuna irin mutanen da zai tunkara. Mutanen Gangare ba sa kai ƙara. Bututun ruwansu shekara tara da fashewa, sun sa duwatsu suna tsallakewa. Fitilun titinsu sun mutu, suka ce ai da ma da hasken farin wata suka saba. A wurinsu mutum ya tsaya gaban hukuma yana mita abin kunya ne, alama ce ta wanda bai yarda da ƙaddara ba. In abu ya yi zafi sai su ce a bar wa Allah. Namadi ya san halin, domin da shi aka yaye shi, kuma har ranar nan yana ganinsa ado ne.

Gidan yayarsa Gaje ya fara shiga. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar Inna, har yau kuma Auta take ce masa. Gidan yana bakin dandalin unguwa, inda tsohuwar rijiya take, da filin da mata ke shanya, da inuwar da tsofaffi ke hutawa. Ya same ta tana tankaɗe, ya ba ta labari. Rariya ta suɓuce daga hannunta.

"Kashin gari za a zuba a kan Inna?"

"In ba mu yi magana ba, Yaya."

"Kawo abin."

Ta goge yatsa a zane ta dangwala, ta yafa mayafi ta fita ko takalmi ba ta sa daidai ba. Kafin la'asar layi ya kai bakin masallaci. Tsofaffin da ba su taɓa taka ofishin hukuma ba aka riƙo su suka zo. Makafi suka zo. Matan da ke wankan jego suka aiko a kai musu allo har ɗaki. Mutanen da suka shekara tara suna tsallake ruwan kwata ba su ce uffan ba, yau ga su suna rawar jiki saboda waɗanda ba sa jin wari. Namadi ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ya ji alfahari da unguwarsu irin wanda bai taɓa ji ba.

A rana ta biyu wani tunani ya ɗan gifta masa. Ya ce, "Yaya, tun da an taru, da wasu sun ajiye nasu yatsan saboda bututun nan, ko don wata rana."

Gaje ta harare shi. "Wa za ka ce wa ya ajiye? Wanda ubansa ke kwance a can? Kowa da nasa a wurin, Auta. Mu da muke da rai ai muna iya tsallake ruwa. Kada ka sa a ce 'yan Gangare sun samu baki sun zama masu mita."

Ya yi dariya ya bar maganar. Da yammacin rana ta uku allo ya nuna dubu shida da ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ba baligi ɗaya da ya rage a Gangare bai dangwala ba, kuma duk da sunan fili na 614.

Ranar Alhamis tun kafin ƙarfe bakwai Namadi yana tsaye gaban tebur. Dakta Kubura ta zo ta tsaya gefensa da kofin shayinta. Lokaci ya cika, hasken birnin ya motsa, ruwan ƙasan da ke kan maƙabarta ya dusashe, wurin ya zama wani launi mai duhun kore da bai taɓa gani ba.

"Wurin da ba a taɓawa," in ji Dakta. "Har abada. Barka, Malam Namadi."

Ya buɗe baki zai yi hamdala, sai ya ga launin ruwan ƙasan bai ɓace ba. Tashi ya yi kawai. Ya yi ta shawagi a saman birnin kamar ƙuda mai neman inda zai sauka. Ya bi ta kan Tudun Manya bai ko rage gudu ba. Ya wuce kasuwa, ya wuce unguwannin ma'aikata, ya dawo kudu, ya tsallaka titi ɗaya tak daga maƙabarta, ya sauka a tsakiyar Gangare, a kan dandali da rijiya da inuwar tsofaffi.

"Wuri na biyu mafi natsuwa," in ji Rarrabau. "Ƙorafi a kan Gangare cikin shekara shida, babu. Akwai kwana uku na shigar da ƙorafi. Yatsun da suka rage wa mazauna wurin a bana, babu. Saboda haka ba a buƙatar jira."

An gudu gara an faɗa gidan zago. Namadi ya juya ya dubi Dakta Kubura. Ta ajiye kofi, ta kau da kai, ta ce za ta rubuta wa majalisa, ko da yake majalisar ba za ta zauna ba sai bayan damina. Na'urar bango ta fesa ƙamshin lemo. Agogon hannunsa ya yi ƙara: Fili mai lamba 615. Kiyashi arba'in.

Ya so ya tsani na'urar, ya kasa. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta yi kuskure ba. Kakanni sun raba ƙasa don su nesanta ƙazanta da mutane. Jikoki suka tara ilimin duniya suka ƙera abin da zai yi musu rabon ba son kai, sa'an nan suka raɗa masa a kunne su wane ne mutanen. Abin ƙyamar ba a cikin bututu yake ba, a nan bene na goma sha biyu yake, cikin sanyi da ƙamshi. Shi kansa yana ciki, shekara shida yana raka turaku bai tambaya ba.

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da motar ta tsaya a dandalin Gangare. Kiyashi suka sauko a layi suka kewaye rijiya. Mata suka tattara shanyarsu suka matsa gefe, tsofaffi suka ja tabarmi don kada su tare wa hukuma hanya. Namadi ya danna wurin da maɓallin tsayarwa yake a da, ya sake dannawa, ba komai sai santsin gilashi. Turke na goma sha bakwai a gindin katangar Gaje aka kafa shi, daidai tagar ɗakin da take kwana.

Ta fito da kwanon ruwa a hannu, domin ta ga ƙaninta a rana. Ta dubi turken mai launin ƙasa, ta dubi fuskarsa, ba ta buƙaci bayani ba.

"Inna fa?"

"Ta tsira, Yaya. Ba mai taɓa wurin har abada."

"To, alhamdu lillahi." Ta miƙa masa kwanon. "Sha ruwa, Auta, ka bar ɓata fuska. Mu sai haƙuri."

Ruwan rijiyar ne, mai sanyi, mai daɗin da ya sani tun yana yaro, kuma ya san wata uku nan gaba ko akuya ba za ta sha shi ba. Ya riƙe kwanon ya kasa kai shi baki. A hannunsa agogo ya haska, rahoton aiki yana tafiya ofis: Turaku arba'in sun kafu. Mazauna sun ba da haɗin kai. Ƙorafi, babu.